Wa Ya Sayi Amfilifayar?

Jama'a, kafin ku fara yi mini wa'azi a ƙasan rubutun nan kamar yadda kuka saba, ku bari in ba ku labarin yadda na fita sayen amfilifaya na dawo gida da maganar aure. Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Godiya. Ina zaune da iyayena a gidan haya a Panshekara, ina aikin jera bokitai da kofunan roba a wani kamfani a Sharada, ranar Lahadi kuma ina kaɗa jita a cocinmu. Kar ku ɗauka na ƙware. Wanda ya ƙware ɗin ne ya samu aiki a Legas, aka waiga aka ga ni kaɗai ce ban gudu ba.

Jitar ta lantarki ce, ja, tsohuwa, fentinta duk ya goge a inda hannu ke kwanciya. Shugaban mawaƙa ne ya ba ni aronta in riƙa koyo a gida. Abin da bai gaya mini ba shi ne, irin wannan jitar in ba a jona ta da amfilifaya ba, wato akwatin nan mai sifika da ke fito da muryarta, kukanta bai wuce na sauro ba. Ta cocinmu kuwa ta kusa kai tsayin firji, ko dattawa sun yarda in ɗauka, mai adaidaita ba zai yarda ba. Sai in zauna a ɗaki ina ta ƙwaƙular tsirkiya ba na jin kurakuraina, ranar Lahadi a jona ni a gaban jama'a mu ji su tare.

Ga shi gidanmu ba gidan hayaniya ba ne. Rabin mazan gidan aikin dare suke yi, har da Babana da ke kamfanin fata a Challawa. Suna shigowa da safe lokacin da wasu ke fita, su watsa ruwa su kwanta, daga nan har la'asar gidan ya koma kamar asibiti. Turmi bayan katanga ake kai shi. Yaro ya fara kuka, uwarsa ta goya shi ta yi titi. Inna Sauda maƙwabciyarmu, mutuniyar Jigawa, har zakaranta ta yanka saboda ya ƙi gane tsarin gidan. Ni kuma satin da nake aikin yamma, wannan lokacin barcin nasu ne kaɗai nake da shi na koyo.

Don haka na san abin da nake nema. Ƙarama nake so wadda zan ɗauka da hannu ɗaya, mai batir da ake yi wa caji, tunda wutar unguwarmu baƙuwa ce, ta leƙo ta gaishe mu ta wuce. Uwa uba ta kasance da ramin jona hedfon, in kaɗa in ji ni kaɗai, Baba na barcinsa. Na daɗe ina tara ɗan abin da ya rage daga albashi saboda ita. Kuskuren da na yi ɗaya ne, na faɗi maganar a gaban Mama.

Kafin rana ta faɗi maganar ta isa wurin Samson.

Samson ɗan cocinmu ne, mutumin kudancin Kaduna kamar mu, yana aikin injin saƙar buhu a Sharada tun yana ɗan saurayi. Dogo ne, baƙi, kullum rigarsa a goge tas amma ba ka rasa ɗan zaren buhu maƙale a kafaɗarsa. Ya daɗe yana nemana, ni kuma na daɗe ina cewa sai na yi tunani. Mama kuwa ta gama nata tunanin tuntuni. A wurinta ba a taɓa haihuwar yaro mai natsuwa irinsa ba. Ba ya musu, ba ya katse babba, ta yi ta zuba masa labarin rikicin zumuntar mata tun daga farko, yana kallonta yana gyaɗa kai yana cewa haka ne, Mama. Ta ce a zamanin nan samun namijin da zai saurari mace haka sai an tona.

Ni abin da ke damuna da shi daban ne. Idan ina magana ba ya kallon idona, bakina yake kallo, ƙur, har sai na tsargu na sa gefen gyale na goge ko miya ce ta maƙale. Bai taɓa kirana a waya ba, sai saƙo. In na kira shi ya ƙi ɗauka, can sai ga rubutu: "Ina wurin da ba zan iya magana ba, rubuto mini." Ko da yaushe yana wurin da ba zai iya magana ba. Wata rana haushi ya kama ni na tura masa saƙon murya mai tsawo, na wanke shi tas, na ce in yana da mata a ɓoye ne ya fito ya faɗa. Amsar da ta dawo ita ce: "Na gode sosai. Ubangiji ya sa albarka." Ranar har kuka na yi don takaici, na ce wannan ko waliyyi ne ko ɗan rainin hankali. Abin da ya fi ba ni haushi, ya ce kiɗan jitata ne ya fara jan hankalinsa gare ni. Na san yadda nake kaɗawa. Duk wanda ya ce kiɗana ya burge shi, to ko ƙarya yake yi ko bai san daɗi ba.

Daren Juma'a saƙonsa ya shigo: "Mama ta ce kina neman amfilifaya. Na san wani shago a Bompai. Gobe zan raka ki, ni zan saya." Na nuna wa Mama wayar na ce ku ga abin da kuka jawo mini. Ta ci gaba da tankaɗen garinta ko a jikinta.

"Kin dai san al'adarmu," ta ce. "Abin da saurayi ya ba ki a hanya, tsakaninku ne. Amma abin da ya ɗauko da hannunsa ya ƙetaro ƙofar gidan nan, na tambaye ki wa ya saya kika kira sunansa, to kin amsa. Babanki zai ce su turo manya."

Na ce ai shi ya sa da kuɗina zan saya. Ta ce Allah ya kai mu goben, da irin muryar nan tata ta wadda ta riga ta zaɓi ankon biki.

Da safe na sa atamfata mai ruwan ganye, na ɗaura ɗankwali na tura shi gaba irin ɗaurin ba-wasa, na goya jitar a jakarta. A bakin kamfaninsu na same shi, ya fito daga aikin dare ya canja kaya, ya sha farar riga da baƙin wando, takalmi na ƙyalli kamar mai zuwa neman aiki. Muka hau adaidaita. Tun daga Sharada har Bompai ina jera masa sharuɗɗa, ƙarama, mai batir, mai hedfon, kuma ni zan biya. Yana gefe yana kallon titi yana cewa to, to. Na ce a raina yau ga waliyyin Mama, ko gardama bai iya ba.

Shagon na wani Malam Lawan ne, a wani layi bayan kamfanonin, cike da sifiku da tsofaffin kayan kiɗa na hannu da ake shigowa da su daga waje. Janareta na ruri a bakin ƙofa, tireloli na wucewa suna girgiza kwanon rufin. Malam Lawan ya kalle ni da jita a goye, ya kalli Samson, ya tambayi angon me amarya ke so. Na ce ba ango ba amarya, ni ce mai saye. Ya ce to Allah ya huci zuciyar hajiya, ya shiga sauko da kaya.

Ta farko da ya kawo kyakkyawa ce, amma sai da wuta take aiki, na ce a mayar. Wata kuma tana da batir, sai dai da na jona na kaɗa, muryarta ta fito kamar ana soya ƙwai, Malam Lawan ya rantse wayar jona jitata ce ba ta da kyau. Can ya zaro wata 'yar baƙa daga ƙarƙashin tebur, girmanta bai fi burodi ba, da ɗan madauri a sama. Tana da maɓallin ƙara murya, da na gyara kaurin sauti, da wani da ke sa jita ta yi gurnani irin na waƙoƙin matasa. A gefe ga ramin hedfon, a baya ga wurin caji. Na kaɗa waƙar da muke buɗe sujada da ita, sautin ya fito tas, har na ji inda yatsana ke zamewa, abin da na yi watanni ban ji ba. Zuciyata ta kwanta da ita nan take.

Ina ɗagowa na ga Samson ya rungumo wata ƙatuwa daga lungu, mai sifika kamar murfin tukunyar biki. Ya ce wannan za a gwada. Malam Lawan, da ya hango ciniki mai tsoka, ya manta da ni gaba ɗaya, ya shiga yabonta yana cewa wannan ko a filin ƙwallo aka ajiye ta sai an ji a Challawa. Suka jona ni, Samson ya murɗa maɓallin da kansa. Na taɓa tsirkiya ɗaya, sai da kwalaben lemon da ke kan tebur suka yi rawa. Fuskarsa ta washe, ya dafa saman akwatin da tafin hannunsa, ya ce yawwa, wannan ita ce amfilifaya.

Raina ya ɓaci sosai. Na ce wato duk bayanin da na yi a hanya iska ya bi. Na ce a gidan da aka yanka zakara saboda cara zan shiga da wannan? Na gane nufinsa, ko dai na ɗauka na gane. So yake ya shiga gidanmu da abin da sai mutum biyu sun kama, duk unguwa ta shaida Samson ya kawo kaya. Na cire wayar na mayar jikin 'yar ƙaramar, na ce Malam Lawan ya ba ni hedfon in gwada abin da ya kawo ni.

To ga yadda abin yake, ga waɗanda ba su sani ba. Da zarar ka soka hedfon a ramin nan, sifikar ta yi shiru, sautin gaba ɗaya ya koma kunnenka. Na soka, na ɗora a kai, na shiga kaɗawa. Ni kaɗai nake ji a duk shagon. Samson yana tsaye yana kallon yatsuna. Da na kai ƙarshen baitin na zame hedfon ɗin, sai ya gyaɗa kai da murmushin nan nasa na lallashi.

"Ita ma ƙaramar tana da daɗi," ya ce. "Yanzun nan ma da kika kaɗa ta fi fita. Muryar ce dai ta yi ƙasa kaɗan."

Malam Lawan ya kalle shi, ya kalle ni. Ya juya ya shiga goge wata sifika da ba ta da ƙura.

Ni kuwa na san ba abin da ya fito daga sifikar. Na sunkuyar da kai kamar ina gyara tsirkiya, na kira sunansa da muryar da ko wanda ke bakin ƙofa zai ji. Bai motsa ba. Na ɗago na fuskance shi na sake kira, a hankali ma fiye da na farko. Ya ce na'am.

Na biya kuɗin 'yar ƙaramar daga jakata, bai hana ni ba. Ina jin ya ga abin da ke fuskata. Muka fito muka tsaya ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya nesa da janaretan, na tsaya a gabansa sosai, na tambaye shi tun yaushe.

Bai yi musu ba. Ya ce ɗakin saƙa injina ne jere suna ruri dare da rana, ana raba musu abin toshe kunne, amma tsofaffin hannu ba sa sawa, don da kunne ake gane zare ya tsinke kafin buhu ya lalace, wanda ya toshe kunne kuma shi ake cewa rago. Shi ma ya bi sahu. A ciki ba mai jin wani, da baki da hannu suke magana, kowa ya iya karanta leɓen ɗan'uwansa, shi ya sa ya daɗe bai ma gane abin ya bi shi har waje ba. Kunnen hagu ya tafi. Na dama yana kama abu mai kauri, ganga, tirela, muryar namiji in an ɗaga. Muryar mace da siririn sauti kuwa sai dai ya gani a baki. Ba wanda ya sani, ko a wurin aiki, don yana tsoron a ce ya sauka daga kan inji.

Na ce saƙon muryar da na tura masa fa? Ya ce ya kanga a kunne ya ji alamar ina magana da ƙarfi, sai ya ɗauka addu'a nake masa.

Jama'a, na so in yi dariya, na so in yi kuka, haushi ya hana ni duka biyun. Na ce to ƙaryar kiɗana ya ja hankalinka fa, ita ma addu'a ce?

"Ba ƙarya ba ce," ya ce. "Kin taɓa ganin inda nake zama a coci? Bencin da ke jikin babbar amfilifaya, wanda kowa ke gudu. A nan ina jin ki a ƙirjina. Kuma duk lokacin da kika yi kuskure kina cije leɓe. Ba wanda ya kai ni sanin kurakuranki."

Ya ce babbar da ya ɗauko ba don unguwa ta gani ba ne. So yake in ya zo gaishe da su Mama ina koyo, shi ma ya samu abin da zai ji. Ya ciro zaren buhun da ke kafaɗarsa yana murzawa, sannan ya ce in mun isa gida in gaya wa Mama gaskiya, ni na saya, in kuma gaya mata dalili. Ya ce ya san Mama, tana jin haka za ta daina damuna da maganarsa.

Kuma gaskiyarsa ne. Na san Mamata. Matar da ke cewa ba mai sauraro irinsa, ranar da ta ji labarin rikicin zumuntar mata bai taɓa shiga kunnensa ba, ita ce za ta fara cewa duk mazan Kano sai kurma. Ƙofar da na yi wata da watanni ina nema ce ya buɗe mini da hannunsa, har yana riƙe mini labule. Ya kamata in ji daɗi. Ban ji ba, kuma hakan ya ƙara ba ni haushi.

A adaidaitar komawa ya zauna da kwalin a cinya, ni ina rungume da jita. Na juya fuskata waje ina kallon katangun kamfanoni, na ce a hankali, kai dai wawa ne. Shiru. Na ce da ka faɗa tun farko ai da ba mu ɓata lokaci ba. Shiru. Sai na samu kaina ina gaya wa titin Sharada abubuwan da ban taɓa yarda na gaya wa kaina ba, cewa ranar da bai zo coci ba sai in yi ta duban ƙofa, cewa rigar nan fara ta yi masa kyau. Mai adaidaita ya leƙo ni ta madubi, na harare shi ya mayar da ido kan hanya. Gidanmu cike yake da masu kunne lafiyayye, amma ba wanda ya taɓa lura ina cije leɓe.

Bayan la'asar muka isa, gida ya tashi. A bakin ƙofa Samson ya ja ya tsaya, ƙafarsa ba ta taɓa dokin ƙofar ba. Ya miƙo mini kwalin, don shi ma ya san al'adar. Na kalli kwalin, abin da ko yaro zai ɗauka da yatsa biyu, na ce ba ka ga hannuna da kaya ba ne? Jitar kuwa a bayana take a goye, hannuwana biyu ba komai. Ya kalli hannuwan, ya kalli bakina, ya ɗauka bai karanta daidai ba. Na wuce ciki na bar shi, ba yadda zai yi sai ya biyo ni.

Tsakar gida a cike. Baba na kan tabarma da singileti yana cin tuwo kafin ya fita aiki, Inna Sauda na kwashe shanya, Mama na bakin murhu da zanin girkinta. Ta ga kwalin a hannun Samson, ta ga ƙanƙantarsa, ta ɗan taɓe baki, amma ta miƙe ta goge hannu a zani. Kowa ya bar abin da yake yi.

"Godiya," ta ce, "wa ya saya?"

Ina fuskantar Mama, Samson na bayana. Jakata babu ko na adaidaitar gobe, duk na juye wa Malam Lawan. Ina jin tsoro, kuma na san abin da nake yi.

Na ce, "Samson ne ya saya, Mama."

Inna Sauda ta saki zanin da ke hannunta ta rangaɗa guɗa. Mama ta ɗaga hannu sama tana yi wa Ubangiji godiya, matan gidan suka firfito daga ɗakuna, Baba ya ajiye lomarsa ya ce to, madalla, a gaya wa mutanensu muna jira. Kafin ka ce me, har 'yan gidan da ke kallon namu sun ji na amsa. Mutum ɗaya ne a tsakar gidan nan bai sani ba, yana tsaye da kwali a hannu yana bin bakunan mutane da ido, kowa na magana lokaci guda ya rasa wanda zai karanta.

Na ji ya matso bayana, ya rage murya yadda yake zaton ba mai ji, alhali har Baba ya ɗago.

"Godiya, me kika ce mata? Juyo ki faɗa in gani."